Sabon ɗaki a kan tsohon harsashi

Ranar 30 ga watan Yuni na 2024 ne wa'adin CentOS 7 ya cika, shekara goma bayan fitowarsa a watan Yuli na 2014. Babu na'urar da ta mutu a ranar. Kwamfutocin da ke ɗauke da shi sun kwana suna aiki, sun kuma wayi gari suna aiki, domin cikar wa'adin babbar manhaja ba ya nufin ta daina motsi. Abin da yake nufi shi ne masu ita sun janye hannu, ba sauran gyara, ba sauran facin tsaro. Sai daga baya aka fara jin ciwon, sa'ad da aka rufe adireshin nan mirrorlist.centos.org, wanda yum ke tambaya kullum in yana son sanin rumbun da zai ɗebo kaya. Tun daga nan duk wanda ya nemi saka ko da ƙaramin ƙunshi ɗaya ne, sai na'ura ta ce masa ba ta san wannan adireshi ba.

A sashen nazarin yanayi na wata jami'a da ke yankin Sahel akwai uwar garke guda ɗaya tak, wadda ta shigo tare da wani aikin haɗin gwiwa da ya daɗe da ƙarewa, kuma CentOS 7 ne a kanta. Mutum ɗaya ne ke kula da ita, ma'aikaci mai matsakaicin muƙami wanda ya koyi yawancin aikinsa a gaban allonta. Shawarar da kowa zai fara ba shi a bayyane take: ya goge tsohon, ya zuba sabo, ya huta. Shi ma ya san da haka. Amma a cikin wannan na'ura akwai manhajar kintacen yanayi ta WRF da aka gina shekaru da suka wuce, da duk taskokin da take jingina a kansu, kuma sakamakon ɗalibai da yawa daga gare ta ya fito. Babu na'ura ta biyu da za a gwada sabon tsari a kanta, babu kuma faifan da zai ɗauke dukan abin da ke ciki lokaci guda. Ga wata ɗaliba mai neman digiri na uku a kan ranakun faruwar damina, wadda saura mata watanni kaɗan ta miƙa kundinta, kuma rabin gwaje-gwajenta na cikin na'urar. Da shugaban sashe ya ji zancen gogewa, sai ya ce masa, “Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Bari yarinyar nan ta gama tukuna.” Magana ce mai kan gado, sai dai ta bar masa kaya mai nauyi, domin ɗalibar tana bukatar sababbin kayan aiki na Python don tantance bayanan ruwan sama, da sabuwar sigar CDO, kuma ko ɗaya a cikinsu ba ya yarda ya zauna a kan wannan tsohon harsashi da daɗin rai.

Kafin a bi sawunsa, ya kamata a bambance abu biyu. Manhaja tana zuwa ko dai ɗanya ko dafaffiya. Ɗanyar ita ce rubutun da ɗan Adam ya yi da yare irin su C ko C++ ko Fortran, wanda na'ura ba ta ji sai an fassara mata. Mai fassarar shi ne tafinta, kuma a duniyar Linux mafi shahara a cikinsu shi ne GCC. Dafaffiyar kuwa wani ya riga ya fassara a tasa na'urar, ya aiko ta a shirye. Kowace iri tana da inda take cije wa tsohuwar na'ura. Ɗanya tana neman tafintan da ya san sabon salon yaren, dafaffiya kuma tana neman ta tarar da taskokin da ta saba da su a gidan da aka dafa ta. Taska a nan ita ce tarin ƙananan ayyuka da manhajoji ke ara maimakon kowace ta rubuta nata, kamar buɗe fayil ko lissafin tushen lamba. CentOS 7 ya zo da GCC 4.8, da taskar glibc 2.17 wadda ta fito a ƙarshen 2012, da ƙwayar Linux 3.10 ta 2013, kuma a tsawon shekara goman nan ba a canza waɗannan lambobi ba. Da gangan aka yi haka. Alƙawarin irin wannan tsari ke nan: abin da ya yi aiki a rana ta farko zai yi aiki a ta ƙarshe. Alƙawarin ne ya sa hukumomi da jami'o'i suka rungume shi, shi ne kuma ya zame musu tarnaƙi.

Matsalar rumbu ita ce mafi sauƙi. Ba a ƙone kayan ba, an kwashe su ne zuwa ma'ajiyar vault.centos.org, ƙarƙashin lambar siga ta ƙarshe, 7.9.2009. Ya buɗe fayilolin da ke cikin /etc/yum.repos.d, ya kashe layin mirrorlist, ya raya layin baseurl, ya nuna masa sabon wurin. Haka ya yi wa rumbun EPEL, wanda nasa kayan suka koma ma'ajiyar Fedora. Abu ɗaya da ya ƙara daga tunaninsa shi ne, da yake intanet ɗin jami'ar ba abin dogaro ba ne, kuma ma'ajiya ba ta yi wa kowa alƙawarin dawwama ba, sai ya yi amfani da reposync ya kwafo rumbunan da yake bukata cikin dare da dama, ya ajiye a faifan waje. Daga ranar yum ya daina fita waje neman kaya.

Tafinta ne ya fi cin lokaci. GCC 4.8.5 yana jin C++ na 2011 in an roƙe shi da wata alama ta musamman, amma na 2017 baƙon yare ne a wurinsa, kuma sababbin sigogin CDO da na manhajoji da yawa a sabon salon aka rubuta su. Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko ya gina sabon GCC da tsohon, kamar yadda maƙeri ke ƙera sabon masaba da tsohon masaba. Wannan yana yiwuwa, amma aikin yana cin sa'o'i masu yawa, domin GCC yana fassara kansa sau uku don ya tabbatar da ingancin abin da ya fito, kuma bayan an gama akwai tarko. Manhajar da sabon tafinta ya fassara za ta nemi sabuwar taskar libstdc++, alhali ta cikin gida ta tsaya a alamar GLIBCXX_3.4.19. Sai a gina abu lafiya lau, a zo kunna shi ya ƙi tashi, yana kukan bai ga GLIBCXX_3.4.20 ko abin da ya fi ta ba.

Hanya ta biyu ita ce devtoolset, kuma ita ya bi. Wannan wani tari ne na sababbin tafintoci da Red Hat ta shirya don tsofaffin tsarukanta, ana kuma samun na CentOS a rumbun SCL, wanda shi ma sai da aka karkata shi zuwa ma'ajiya. Hikimar da ke ciki ta cancanci yabo. Tafintan devtoolset yana aro daga tsohuwar libstdc++ duk abin da take da shi, abin da ba ta da shi kuma sai ya ɗinke shi a jikin manhajar kanta, ta yadda abin da aka gina zai tashi a kowace na'urar CentOS 7 ko da ba a saka devtoolset a kanta ba. Ba ya kuma taɓa tsohon GCC. Yana zaune ne a gefe, ƙarƙashin /opt/rh, sai an kira shi da umarnin scl enable yake shigowa, in an rufe zaman ya koma mazauninsa. Da devtoolset-11 ma'aikacin ya sami GCC 11, ya ɗauko cmake3 daga EPEL tunda CMake na gida 2.8 ne, CDO kuma ya ginu.

Python ya zo da nasa salon wayo. Na cikin gida 2.7.5 ne, kuma ba a taɓa shi, domin yum kansa da shi yake numfashi; wanda ya maye gurbinsa ya kashe mai kawo masa kaya. Akwai 3.6 a rumbu, amma ya tsufa, NumPy ma tun daga siga 2.1 ba ya karɓar abin da ya gaza 3.10. Saboda haka sai gini daga ɗanye, a wata jaka ta daban, da umarnin make altinstall wanda ba ya danne sunan kowa. Gini na farko ya tafi sumul, ba ko tuntuɓe, sai da ɗalibar ta zo saukar da kaya da pip na'ura ta ce ba ta da hanyar magana a asirce da rumbun Python. Dalili shi ne tun daga 3.10, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021, Python yana neman OpenSSL 1.1.1 ko sama, CentOS 7 kuwa 1.0.2 gare shi. Abin haushin shi ne ginin ba ya tsayawa saboda wannan rashi. Yana wucewa ne kawai, ya rubuta ƴan layuka can kusa da ƙarshen dubban layukan da suka gudana a allo cewa bai iya gina sashen ssl ba, ya ci gaba abinsa. Tsari ne da za a iya kare shi, tunda akwai masu son Python ba tare da intanet ba, amma ya sha cinye wa mutane yini guda.

A EPEL akwai ƙunshin openssl11, kuma mutane da yawa da shi suka fita. Ma'aikacin ya duba ya ga 1.1.1 ɗin ma wa'adinsa ya ƙare tun Satumba na 2023, wato tsohon kaya ne za a dafa wani tsohon da shi. Sai ya gina OpenSSL 3.0 a ƙarƙashin /opt, bayan ya saka wani ɗan ƙunshin Perl mai suna IPC::Cmd da ginin ke nema, sannan ya sake gina Python yana nuna masa wurin da --with-openssl, ya ƙara --with-openssl-rpath=auto. Wannan alama ta biyu ita ce mai muhimmanci. Tana rubuta adireshin taskar a jikin Python ɗin kansa, don haka ba sai an sanar da dukan na'ura cewa akwai sabon OpenSSL ba. Ƙa'idar da ya riƙe tun daga nan ke nan a duk abin da ya gina: sabo ya zauna a ɗakinsa, wanda ke bukatarsa ya san hanyar ɗakin, sauran ƴan gida kada su ma ji labari. Masu gaggawa sukan zuba LD_LIBRARY_PATH a fayil ɗin da kowane zama ke karantawa, sai bayan mako guda a ga ssh ko curl sun ɗauki taskar da ba tasu ba, a rasa daga ina ɓarnar ta shigo.

Duk waɗannan ana iya kewaye su. Katangar da ba ta kewayuwa cikin sauƙi ita ce glibc. Kusan kowace manhaja a Linux ta bakinta take magana da ƙwayar tsarin, tun daga ls mai nuna sunayen fayiloli har zuwa babbar manhajar kintace. Kowane aiki da ke cikinta yana ɗauke da lambar sigar da ya shigo, kuma masu kula da ita sun riƙe al'ada ɗaya da ƙarfi: sabuwar glibc tana ɗauke da tsofaffin ayyuka, don haka abin da aka dafa a tsohon gida yana ciyuwa a sabo. Akasin haka ne ba ya yiwuwa. Manhajar da aka dafa a gida mai glibc 2.28 takan rubuta a jikinta cewa tana neman alamar GLIBC_2.28, in ta zo gida mai 2.17 sai ta tsaya a bakin ƙofa. Node.js ya yi wannan ƙaura da siga 18 a 2022. VS Code ya yi tasa a farkon 2024 da siga 1.86, aka yi ta ƙorafi har kamfanin ya ƙara wa'adi na kusan shekara guda kafin ya rufe ƙofar.

A nan ne ɗalibar, wadda ta ga yadda aka yi da GCC da OpenSSL, ta yi tambayar da kowa ke yi. “Malam, me zai hana a gina sabuwar glibc ɗin a ɗora a kan tsohuwar?” Ya amsa mata da cewa wannan ita ce hanyar da ake zuwa neman gira a rasa ido. Wanda ya danne /lib64/libc.so.6 da hannu, a daidai lokacin da musayar ta karkace, umarnin da zai yi gyara da su sun riga sun mutu: mv ba ya tashi, cp ba ya tashi, sabon zaman ssh ba ya buɗuwa, sai dai a zo da faifan ceto a tsaya a gaban na'urar. Ko ajiye ta a gefe ma ba ya isa, domin glibc tafiya take da ɗan rakiyarta, wato ld-linux, mai loda manhaja cikin ƙwaƙwalwa, kuma dole su zama ƴan siga ɗaya. In tsohon mai lodi ya ɗauko sabuwar taska, faɗuwa ce ba bayani. Akwai dabarar patchelf, wani ɗan kayan aiki da ya fito daga mutanen NixOS, wanda ke buɗe dafaffiyar manhaja ya canza sunan mai lodinta da adireshin taskokinta. Yana aiki. Ma'aikacin ya gwada shi a kan manhaja ɗaya ya ga ta tashi, amma bai mai da shi hanya ba, domin kowace sabuntawa sai an sake tiyatar, kuma duk wata taska da manhajar za ta kira daga baya tana iya jawo tsohuwar glibc ta haɗu da sabuwa a ciki ɗaya.

Wani abin mamaki shi ne wannan tsufa da ke wahalar da shi, shi ne ya sa masu rarraba manhaja suka daɗe suna ƙaunar CentOS 7. Tunda abin da aka dafa a tsohon gida yana ciyuwa a kowane sabo, mai son kayansa su shiga ko'ina sai ya nemi gida mafi tsufa ya yi girkinsa a can. Da tsohuwar zuma ake magani. Ma'aunin manylinux2014, wanda dubban dafaffun ƙunsoshin Python suka bi shekara da shekaru, a kan CentOS 7 aka kafa shi, wato glibc 2.17. Albarkacin wannan ne pip ya yi ta sauko wa ɗalibar da kaya a shirye ba tare da an fassara komai ba. Sai dai inuwar tana janyewa. Ayyuka suna ta komawa manylinux_2_28 ɗaya bayan ɗaya, NumPy ma ya koma da siga 2.3 a 2025. Abin da pip ke yi in bai sami dafaffen da ya dace ba shi ne ya ɗauko ɗanyen sabuwar siga ya fara fassarawa da tafintan da ya tarar, ya kwashe lokaci, ya faɗi da kuskure mai tsawon shafi uku wanda ba ya ambaton ainihin dalili. Maganin kalmomi kaɗan ne: a ƙara --only-binary=:all:, sai pip ya ja da baya har ya sami siga ta ƙarshe da aka dafa wa tsohon gida. Ma'aikacin ya rubuta lambobin sigogin da suka zauna lafiya a fayil ɗaya, ya ce wa ɗalibar kada ta sabunta ko ɗaya sai ta kare kundinta.

Da a ce matsalar fuska ɗaya gare ta, da da sauƙi. Amma sabon tafinta ma yana da nasa tsiya ga tsohon rubutu. Wata rana ɗalibar ta bukaci a sake gina wani ɗan shirin Fortran da ke karanta fayilolin netCDF, ta yi hakan a cikin zaman devtoolset ba tare da ta lura ba, sai ya ƙi. Fayilolin .mod da gfortran ke samarwa sun sha canza tsari daga siga zuwa siga, don haka na netCDF da aka gina da 4.8 ba su karantuwa a wurin 11. Taskar libgfortran ita ma ta canza lamba, daga 3 zuwa 5. Sannan tun daga siga 10 gfortran ya mai da wani sakaci da tsofaffin masu rubutu suka saba yi, na miƙa wa aiki ɗaya bayanai iri dabam-dabam, ya zama kuskure mai tsayar da gini, sai an lallashe shi da -fallow-argument-mismatch. Ma'anar wannan ita ce ba a gauraya zuriya. Duk jerin, daga zlib zuwa HDF5 zuwa netCDF na C zuwa na Fortran, ko dai tsohon tafinta ya gina su gaba ɗaya ko sabo. Sai ya zama gida biyu ne a cikin na'ura ɗaya, ya kuma saka Lmod don mai aiki ya zaɓi gidan da zai shiga da umarni ɗaya.

Za a iya tambaya me ya hana a sake gina WRF ɗin kansa da sabon tafinta a huta da gida biyu. Amsar tana cikin halin lissafin yanayi. Tafintoci biyu suna iya jera ayyukan lissafi ta hanyoyi dabam, sai a sami bambanci a lamba ta can ƙarshe bayan ɗigo. A lissafin albashi wannan ba komai ba ne. A kintacen yanayi kuwa ɗan bambancin yana girma. Edward Lorenz ya ci karo da haka a 1961, sa'ad da ya sake shigar da 0.506 a madadin 0.506127, ya ga yanayin da na'urarsa ta zana ya rabu da na farko gaba ɗaya bayan wani lokaci. Ɗalibar tana kwatanta gwaji da gwaji ne. In rabinsu sun fito daga wani tafinta, rabi daga wani, mai jarrabawa yana da haƙƙin ya tambaye ta ko bambancin da take gani daga canjin da ta yi ne ko daga canjin kayan aiki. Shugaban sashen bai san sunan glibc ba, amma wannan ya san shi sarai.

Wutar lantarki ta saka nata hannu. Umarnin make yana da halin kirki na ci gaba daga inda ya tsaya, domin yana duba lokacin da aka rubuta kowane fayil ne. In mutum ya katse shi da hannu, yakan share fayil ɗin da bai kammala ba. Ɗaukewar wuta ba ta ba shi wannan dama. Sai a bar guntun fayil mai sabon kwanan wata, make ya ɗauka an gama shi, kuskuren ya ɓullo can gaba a wurin haɗawa da wani suna da ba shi da alaƙa da komai. Bayan ya gane haka, duk ginin da wuta ta yanke sai ya share ya faro daga tushe, ya kuma saka ccache don maimaicin kada ya ci lokaci kamar na farko. Dogon gini kuma a cikin tmux yake yin sa, saboda yankewar layi kada ta tafi da aikin.

Hanyar da ta fi kowace tsafta ita ce kwantena, wato a ɗauko dukan kayan cikin wani sabon Linux, da glibc ɗinsa da mai lodinsa da taskokinsa, a ƙunshe a fayil ɗaya, manhaja ta yi aiki a ciki tana zaton a sabon gida take. A na'urorin bincike Apptainer aka fi amfani da shi, wanda asalinsa Singularity ne da Gregory Kurtzer ya faro a 2015. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka kafa CentOS tun farko, shi ne kuma ya kafa Rocky Linux bayan sanarwar Disamba ta 2020 da ta gajarta ran CentOS 8 zuwa ƙarshen 2021. Ma'aikacin ya yi amfani da Apptainer ga duk abin da ya dage sai glibc 2.28. Amma kwantena ba ta zuwa da ƙwaya, ta mai gida take ara, kuma ta mai gida 3.10 ce. Yawanci ana wucewa lafiya. Wani lokaci kuma ba a wucewa: taskar Qt5 ta wasu sababbin tsaruka tana ɗauke da tambarin da ke cewa tana neman ƙwayar da ta fi 3.10, sai mai lodi ya yi kamar bai ga fayil ɗin ba alhali ga shi nan a wurinsa. Mutane sun gano cewa in aka kankare tambarin da umarnin strip sai ta tashi. Irin wannan dabara tana aiki ne har ranar da manhajar za ta nemi ainihin abin da tambarin ke gargaɗi a kansa.

Akwai abin da ko ɗaya daga cikin dabarun nan bai taɓa ba, shi ne tsaro. Sabon Python a /opt bai toshe ko rami ɗaya a ƙwayar 3.10 ba. Gaskiya ne tsufa yakan yi rana. Ƙofar ɓoye da aka gano a xz a watan Maris na 2024 sababbin sigogi kawai ta shafa, kuma raunin OpenSSH da aka sanar ranar 1 ga Yuli na 2024, kwana ɗaya bayan cikar wa'adin, bai kama siga 7.4 da ke CentOS 7 ba. Wannan sa'a ce, ba a kuma gina tsari a kanta. Saboda haka ya janye na'urar daga fuskar intanet, ya bar shiga sai daga cikin harabar jami'a, da mabuɗi maimakon kalmar sirri, ya rufe duk wata hidima da ba a bukata.

Abu mafi daraja da ya fito daga watannin nan fayil ne guda na rubutu, wanda ya jera kowane umarni da ya yi aiki, da sigar kowane ƙunshi, da dalilin kowace alama a layi ɗaya a samanta. Tsohon WRF ɗin ba shi da irin wannan takarda. Wanda ya gina shi ya tafi tare da aikin haɗin gwiwar, ya bar abin da ke aiki amma ba wanda ya san yadda aka yi shi, kuma rashin wannan sani ne ainihin abin da ya ɗaure na'urar a 2014, fiye da rashin kuɗin sayen wata.

Ɗalibar ta miƙa kundinta a kan lokaci. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, sashen ya sami faifai biyu sababbi, ma'aikacin kuma ya juya dabarar kwantena ta koma kai ƙasa. Ya kwashe dukan tsohon CentOS 7, da GCC 4.8.5 ɗinsa da WRF da jerin netCDF na tsohuwar zuriya, ya ƙunshe su a hoton Apptainer guda. Ya zare tsohon faifan ya ajiye a kabad ba tare da ya goge komai ba, ya zuba Rocky Linux 9 a sabo. Ta wannan fuskar al'adar Linux tana goyon bayansa, domin sabuwar ƙwaya tana karɓar tsofaffin manhajoji. Ya ɗauki gwaji ɗaya daga cikin na ɗalibar, na kwana uku a watan Yuni, ya sake gudanar da shi a cikin kwantenar da adadin ƙwaƙwalen lissafi iri ɗaya da na farko, sannan ya sa CDO ya kwatanta sabon fayil da tsohon, lamba da lamba. CDO bai nuna bambanci ko ɗaya ba. Ya rubuta ranar da sakamakon a ƙasan fayil ɗin umarnin, ya tura kwafi ga shugaban sashe.